Layukan Gefe a Gonar Kawu Kaumi

Zariya, 24 ga Yuni

Zuwa ga kawuna, Malam Kaumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Hajja da duk mutanen Yerimaram. Yaya gwiwa? Yaya kunnen? Maigidana Almustapha yana gaishe ku.

Kawu, da kunnenka yana ɗaukar maganar waya, da ban ɗora maka karatun doguwar takarda ba. Tun da na baro ku jinina ya hau, ƙafafuna suka kumbura. Likita ta hana ni doguwar tafiya har sai bayan damina. Dalilin kuwa Hajja ta sani, ita za ta faɗa maka abin da ni ba zan iya rubutawa ba.

Ka ga ke nan gwajin sanfulawar nan, furen da ke bin rana, ya faɗo hannunka. Jami'a ta riga ta ƙara mini lokaci sau ɗaya, wannan daminar ce ta rage mini. In ban kawo sakamako daga gona ba, karatun ya tsaya.

Kashim direba zai ba ka kwali. Iri biyu ne a ciki, dogo da gajere, kowace leda da lambarta. Turakun da muka kafa tare a gonarka ta bayan Yindiski su ma da lambobinsu. Leda mai lamba bakwai, fuloti mai lamba bakwai, haka har ƙarshe. Ka tuna mun raba gonar sashe huɗu, kowane sashe fuloti shida. A wani fulotin za a matse shukar, a wani a sassauta, a wani a ba ta fili sosai. Na yanka maka sanduna uku na awon tazarar, na rubuta a jikinsu.

Abin da nake nema shi ne in san iya cunkoson da sanfulawa za ta jure a ƙasa mai yashi irin tamu, kafin tsirrai su fara kashe juna a kan ruwa da taki da hasken rana. Manomi ya matse da yawa, kawuna su ƙanƙance. Ya buɗe da yawa, ƙasa ta tafi a banza. A tsakanin nan akwai daidai, shi nake bi.

Na san gonar geron gidanka ce ka ba ni. Ban manta ba. Allah ya saka da alheri.

'Yarka,
Ummul-Khair

*

Potiskum, 16 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Ummul-Khair,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, kunne kuma ya ƙara nisa. Hajja ta yi mini bayani. Bayan wannan dogon jira, Allah ya sauke ki lafiya. Ki bi maganar likita, kada ki yi irin taurin kan mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta.

An yi shuka bayan ruwa mai kyau, ta fito, mun rage tsiro mun bar ɗaya a kowane rami. Ni da leburori biyu. Na sha fama da su a kan sandunanki, don su da taku suka saba. Kwana na farko sai da na sa suka tone layi uku suka sake.

Wani abu ya dame ni. Na koyar a firamare har na yi ritaya, ban taɓa ganin tsari marar tsari irin naki ba. Dogo kusa da gajere, matsattse kusa da mai fili, a sashe na biyu kuma komai ya sake wuri. Me ya hana a jera dogaye gefe guda, gajeru gefe guda, ido ya huta?

Mutane kuma ba su bar ni ba. Muhammadu Lawan, mai gonar da ke yamma da tawa, ya tsaya a kan iyaka yana ɗaga murya don in ji, ya ce, “Malam, ashe ka koma noman fulawar ado? Biki za a yi?” Na ce masa mai ake tatsa a jikinta kamar gyaɗa. Ya ce to in an tatsa a sammasa ya shafa a ƙafa. Hajja kuwa, duk ranar da ta auno gero daga kasuwa, a gabana take ajiye shi.

Tambaya ɗaya. Tsirran da ke gefen kowane fuloti, wajen hanyar da kika bari, sun fi na tsakiya kauri da faɗin ganye. Ko suna cin abincin na ciki ne? Me za a yi da su?

Kuɗin keke napep zuwa gona ya ƙaru, wata rana da ƙafa nake ƙarasawa. Ba ƙorafi nake ba, labari ne.

Kawunki,
Kaumi

*

Zariya, 3 ga Agusta

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da Hajja. Sannu da wahala, sannu da Muhammadu Lawan. Ni da sauƙi, sai dai a kwance nake rubutun nan, ka yi haƙuri da karkacewarsa. Ba na iya zama da yawa.

Rashin tsarin da ka gani ƙuri'a ce. Ka san gonarka ba ɗaya ba ce, wajen tsohuwar kukar nan ƙasa ta fi ƙarfi, wajen hanya yashi ne zalla. Da na jera dogaye a wajen kuka suka yi kyau, ba wanda zai san ko irin ne ko ƙasar. Shi ya sa na rubuta lambobi na zuba a kwano na ɗiba ido rufe, kuma aka maimaita sau huɗu. Ƙuri'a ba ta da ɗan gida.

Na gefe kuwa dole su yi kauri, ba su da maƙwabci ta ɓangare guda, ruwan hanya da haskenta duk nasu ne. Girmansu ƙarya yake faɗa. Saboda haka layukan gefe ba sa cikin lissafina, fitar da su za a yi, na tsakiya kawai nake so.

A sa taki na biyu yanzu, murfin kwalba ɗaya kowane tushe, kada a fifita wani fuloti ko da ya ba ka tausayi. In ta fara fure ka rubuta mini wanne ya riga.

Kaina yana sarawa, bari in tsaya nan.

Ummul-Khair

*

Potiskum, 19 ga Agusta

'Yata,

Salamun alaikum. Allah ya ƙara sauƙi. Mu muna nan. An yi kwanaki ba ruwa har ganye ya fara lanƙwasa da rana tsaka, sannan ya dawo.

Na fahimci zancen ƙuri'a, kuma na yarda. An sa taki yadda kika ce. Gajere ya fara fure, matsattsun fulotai suka riga. Ƙudan zuma sun cika gonar. Ba na jin kukansu, amma ina ganinsu. Matan da ke wucewa zuwa itace har tsayawa suke su kalla.

Na fara fitar da layukan gefe kamar yadda kika umarta. Ba zan ɓoye miki ba, aikin ya yi mini ciwo. Su ne mafi kyau a gonar, wasu sun kai ni tsawo, kansu ya fara kumbura. Lebura ɗaya ya ƙi sa hannu, ya ce shi bai taɓa tuge abin da ya yi kyau ya bar wanda bai kai shi ba. Na ce masa mai aikin ta fi mu sani, girmansu ƙarya yake faɗa. Muhammadu Lawan ya zo ya tsaya, ya kalli tarin da muka yi, bai ma yi tsiyar ba, ya girgiza kai ya tafi. Wannan ya fi mini zafi.

Mun gama sashe na ɗaya da na biyu. A ranar gwiwa ta kumbura, Hajja ta ɓoye mini sanda ta ce ba inda zan je. Da na samu sauƙi zan ƙarasa sauran biyun, kada ki damu. Na tsakiyan yanzu sun samu iska, har sun fara buɗe ganye, ina ganin za ki ji daɗinsu.

Awakin Hajja sun ci ganyen, ba a yi asara duka ba.

Kawunki,
Kaumi

*

Zariya, 23 ga Agusta

Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Ina karanta takardarka na kira Hajja na ce ta hana ka komawa. Don Allah kada a sake taɓa ko tsiro ɗaya.

Ban ce a tuge su ba. Daga lissafi na ce za a fitar da su, ranar girbi, ranar awo. A gona aikinsu su tsaya. Su ne ke matse na tsakiya don na tsakiya su zauna kamar suna cikin babbar gona, su ne kuma ke tare dogo kada inuwarsa ta faɗa kan gajeren da ke kusa. Yanzu ka mayar da na tsakiya na gefe. Buɗe ganyen da ka ga suna yi, lalacewar aikin ce. Matsattse ya daina zama matsattse. Duk abin da zan auna a sassan nan biyu ba shi da amfani.

Rabin gwajin ya tafi, Kawu. Me ya sa ba ka tambaya ba? Da ka ga abin ya yi maka ciwo, ai sai ka sa Hajja ta kira ni. Shekara uku ina bin wannan abu.

Ba zan iya ƙara rubutu yau ba.

Ummul-Khair

*

Potiskum, 8 ga Satumba

'Yata Ummul-Khair,

Salamun alaikum. Ina fatan jiki da sauƙi. Mu lafiya.

Na karanta takardarki. Na ɗauko ta baya na sake karantawa, na kuma ba liman ɗinmu ya karanta ba tare da na ce masa komai ba. Na tambaye shi me ya fahimta. Ya ce a cire su. Ba don in wanke kaina na faɗa ba. Hannuna ne ya tuge, kuma gaskiyarki ce, da na tambaya. Na saba in an ba ni umarni a rubuce in aikata, haka aka horar da mu. Ki yi haƙuri.

Sai kuma abin da ya biyo baya. Daren Juma'a aka yi ruwa da iska. Da safe na je na tarar da dogayen sashe na ɗaya da na biyu a kwance, wasu sun karye daga gindi, wasu sun faɗa kan gajerun. Ba abin da ya tare musu iskar. Sashe na uku da na huɗu suna tsaye, sai 'yan na gefe da suka sunkuya. Na ɗaura wa waɗanda suka sunkuya kara, sannan na tuna kin ce kada a taɓa, na kwance. Na tsaya a wurin ban san abin da ya halatta in yi ba a gonar da nake nomawa tun kafin a haife ki.

Kawuna sun fara ɗaukar ƙwaya, tsuntsaye sun gano. Ki gaya mini abin da za a yi.

Kawunki,
Kaumi

*

Potiskum, 27 ga Satumba

Ummul-Khair,

Salamun alaikum. Kashim ya dawo sau biyu hannu wofi. Na tambaye shi ko ya ba ki takardata, ya ce ya bayar a gida, bai gan ki ba.

In fushi ne, kina da hakki. Amma tsuntsu bai san fushi ba. Kurciya da tsirya tun asuba suke sauka. Tunda ba ki ce komai ba, na yi abin da na ga dama. Hajja ta yayyanka tsofaffin gidajen sauronmu, ta ɗinka ƙananan jakunkuna, muka rufe kawunan layukan tsakiya a sassa biyun da suka rage. Na gefe na bar wa tsuntsaye. In wannan ma kuskure ne, to na ƙara.

Kullum ina gona daga hantsi har la'asar ina kaɗa gwangwani. Ni ba na jin ƙararsa, ban sani ba ko su suna ji. Geron Muhammadu Lawan ya yi kai, yana ta shirin yanka. Ya aiko mana da ɗanyen tumu, Hajja ta gasa, na kasa ci.

Hajja ma ta canza mini. Waya ta yi ƙara sai ta fita zaure da ita, ta dawo ido ja. In na tambaya ta ce ba komai, maganar mata ce. Ina ganin bakinta yana motsi da maƙwabta, ina zuwa su yi shiru. Kurma a gidansa baƙo ne. Na ce ko kin gaya mata abin da ba ki so ki gaya mini ne, cewa an kore ki daga karatun saboda ni. In haka ne, ki rubuta. Na fi son in sani.

Na gaji, 'yata. Ba da aikin ba.

Kaumi

*

Zariya, 11 ga Oktoba

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Hajja. Jiya Almustapha ya ba ni takardunka biyu a haɗe, na karanta ina kuka har ya ƙwace.

Ba fushi ba ne. Kwana kaɗan bayan takardata ta ƙarshe jinin ya hau fiye da da, na faɗi a banɗaki. Aka kwantar da ni, daga baya likitoci suka ce ba za a jira lokaci ba, aka yi mini aiki. An samu mace. Ta zo ƙarama ƙwarai, ta daɗe a cikin kwalba, ni a wani ɗaki ita a wani. Akwai ranakun da ba a san ko ɗayarmu za ta tashi ba. Yanzu muna gida, tana kama nono. Sunan, Hajja ta sani.

Kada ka ga laifin Hajja. Ita ta roƙi Almustapha kada a gaya maka. Ta ce in ka ji za ka ce kai ka jawo, kuma za ka hau mota da wannan gwiwar. Ba kai ka jawo ba, likita ta ce abin yana tafe tun farko. Na rantse maka.

Maganar da na rubuta maka kuwa, ina jin kunyarta. Na samu kwafin takardata na duba. Ni na rubuta “fitar da su za a yi”. Mu a makaranta mun san abin da muke nufi, na manta ba a makaranta nake magana ba. Ka yafe mini. Rufe kawunan da kuka yi daidai ne, ni ma abin da zan ce ke nan.

Farfesan da ke duba aikina ya zo barka. Na gaya masa komai. Ya ce sassa biyu ba za su ɗauki digiri ba, maimaicin ya yi kaɗan, duk bambancin da na gani za a ce sa'a ce. Ya ce saboda rashin lafiyar zai iya nema mini ƙarin shekara, in an sake gwajin baɗi a gona ɗaya, na bana ya zama share fage.

Ban amsa masa ba. Kawu, ina ganin zan haƙura. Ba ni da ƙarfin tashi in ɗebi ruwa, balle in sake wata damina. Kuma ba zan sake hana ku gero ba. Ka girbe abin da ya rage ka sayar wa masu abincin kaji, ka shuka abinka baɗi. Na gode da duk abin da ka yi.

'Yarka,
Ummul-Khair

*

Potiskum, 29 ga Oktoba

'Yata Ummul-Khair,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Barka da arziki, barka da tashi. Allah ya raya Fiddausi, ya sa mai albarka ce. Da na gama karanta takardarki na miƙa wa Hajja. Ta duba fuskata ta fashe da kuka, ta ce wata guda tana ɗauke da dutse ita kaɗai. Mun yi faɗa kaɗan, sannan muka je muka yi sadaka.

Zancen yafiya ki bar shi. Ke kin rubuta a kwance, ni na karanta a tsaye, kowa ya yi iyakarsa.

Ban sayar wa masu kaji ba. Da bayan kawunan furen ya yi ruwan ƙasa, muka yanke na layukan tsakiya, fuloti fuloti, kowanne a buhunsa da lambarsa a ciki da waje. Mun shanya a kan rufin ɗaki, mun sussuke daban daban, ban yarda tabarma ɗaya ta ɗauki biyu ba. Ban auna ba, sikelin mai shago ba na yarda da shi. Kashim zai kawo miki buhu goma sha biyu, ƙanana ne. Da ido dai, gajere a matsakaiciyar tazara ya fi nauyi a hannu, amma kin koya mini ido ba shaida ba ne, na bar miki.

Kin ce kin gaji. Na yarda, ni ma na gaji. Jiya na zauna a bakin gonar na ga karan da suka bushe, na ji ba na son in sake ganin furen nan har in mutu. Ba zan ce miki ki ci gaba ba, ba zan ce ki bari ba. Mai jego ba ta yanke shawara, ki bari ƙarfinki ya dawo, ki ci abinci, ki yi barci. Kada dai ki ba farfesan amsa kafin nan. Abu ɗaya na roƙa ke nan.

Maganar gero kuwa ba taki ba ce. Na samu Hajja tana tankaɗe na ce mata, “Yarinyar nan ta ce baɗi mu shuka geronmu.” Ta ci gaba da tankaɗenta har na ɗauka ta amsa ban ji ba. Can ta ajiye rariya, ta matso daidai kunnena ta ɗaga murya, har maƙwabta sun ji. Ga abin da ta ce in rubuta miki, ban ƙara ban rage ba:

“Wanda ya ci geron kasuwa shekara ɗaya bai mutu ba, ba zai mutu a ta biyu ba. Ta zo da ruwan farko, ta kawo mini jaririyar in goya. Ita ta shiga gonarta da ƙafarta. Kai kuma ka zauna a gindin kuka, ba wanda zai sake ba ka takarda.”

Kawunki,
Kaumi